Daidaita Hotunan Ƙwaƙwalwa: Bayanin Aikin da Matsalar Raɗa Masa Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Unguwar Damilu da ke Jimeta, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tana daga cikin wuraren da mutum zai iya jin harsuna huɗu ko biyar tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi. Akwai Fulfulde da Bacama da Kilba da Camba da Margi da wasunsu, sa'annan ga Hausa wadda ta zama harshen ciniki da hulɗa tsakanin kowa da kowa. Da wannan Hausar ne sau da yawa ma'aikacin asibiti yake yi wa majiyyaci da danginsa bayani. Tun da Jami'ar Modibbo Adama ta tashi daga matsayin jami'ar fasaha zalla a shekarar 2021, aka kuma mayar da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ta Yola asibitin koyarwarta, bukatar keɓaɓɓun kalmomin likitanci a harsunan wannan yanki ta ƙara fitowa fili.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani aiki guda da manhajar kwamfuta take yi a kan hotunan ƙwaƙwalwa, wato ɗora hoto a kan hoto yadda kowane sashe zai faɗa a kan takwaransa, tare da duba sunayen da suka dace da aikin a Hausa. An bi tafarkin da Ɗalhatu Muhammad da abokan aikinsa suka bi a littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa na 1990, wato a fahimci abu tukuna kafin a raɗa masa suna. Za a ga cewa aron kalmar Ingilishi kai tsaye, wanda yakan wadatar a wurare da yawa, a nan ɓatar da mai sauraro yake yi.

Domin sauƙin bayani, a ƙaddara wani magidanci ne mazaunin Damilu ya wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta sarƙe. An ɗauki hoton kansa da na'urar CT a Yola, bayan wata uku kuma aka sake ɗaukar wani da na'urar MRI a Kano. Tambayar likita ita ce: tabon da ke cikin ƙwaƙwalwar ya ƙaru ne, ko yana nan yadda yake? Ba ta amsuwa da kyau sai an daidaita hotunan biyu.

2.0 Mene ne Hoton Ƙwaƙwalwa?

Abin da ake kira hoto a nan ya bambanta da hoton da mai hoto yake ɗauka ranar biki. Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka kuma fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana auna yadda sassan jiki suke tare hasken eksire. Ita kuwa MRI, wadda ta samo tushe daga aikin Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield, tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi ne ta saurari amsar da ruwan jiki yake bayarwa. Kowace daga cikinsu tana fitar da kai falle-falle, kamar an yayyanka burodi, kuma idan aka jera fallayen sai a sami kai sukutum mai tsawo da faɗi da zurfi.

Kowane falle ya ƙunshi ƙananan akwatuna dubbai, kowane akwati da lamba guda mai nuna haskensa ko duhunsa. Wannan akwati shi za a kira ƙwayar hoto. A hoton bincike ƙwayar takan zama milimita 1 ta kowace fuska, amma a hoton asibiti na yau da kullum kaurin falle yakan kai milimita 5, don haka ƙwayar takan fi kama da tubali da aka tsayar. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya sami na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga cikinsu a Nijeriya, kuma mafi yawansu a lokacin masu raunin maganaɗisu ne. Ke nan majiyyaci ɗaya yana iya tara hotuna daga na'urori mabambanta, masu ƙwayoyi mabambanta, ga shi kuma ba ya taɓa kwanciya sau biyu a cikin na'ura kansa yana wuri ɗaya daidai wa daida. Falle na goma na hoton Yola ba shi ne falle na goma na hoton Kano ba.

3.0 Tarkon Kalmar Rajista

Sunan da Ingilishi ya ba wannan aiki shi ne kalmar nan da Hausa ta riga ta ara tun zamanin Turawa ta mayar da ita rajista. A bakin Bahaushe rajista tana nufin shigar da suna cikin littafi: rajistar ɗalibai, rajistar masu zaɓe, rajistar layin waya. Idan aka ce wa ɗan'uwan majiyyaci za a yi wa hoton rajista, abin da zai fahimta shi ne za a rubuta lambarsa a ofishin kati, mai yiwuwa ma ya tambayi nawa ne kuɗin.

Ma'anar da ake nufi ta fito ne daga maɗaba'a. Mai buga hoto mai launi yakan bi takarda ɗaya da faranti huɗu, kowane da launinsa, kuma tilas kowane bugu ya sauka a kan na bayansa. Idan faranti ɗaya ya goce, sai a ga irin fastar nan ta ɗan takara mai ido huɗu da leɓe biyu. Wannan ma'ana ta biyu ba ta biyo kalmar zuwa Hausa ba, kuma cusa mata ita yanzu wahalar banza ce. Aikatau daidaita ya wadatar, sai a ce daidaita hotuna. Hoton da yake zaune ba a taɓa shi, shi ne kafaffen hoto. Wanda ake motsawa har ya hau kansa kuwa, hoto mai motsi.

Akwai tarko na biyu makamancin wannan. Kalmar da masana lissafi suke amfani da ita a Ingilishi wajen matsar da abu daga wuri zuwa wuri ita ce dai kalmar da ake amfani da ita wajen mayar da zance daga harshe zuwa harshe. Mai fassarar da ya dogara ga ƙamus kaɗai zai rubuta cewa manhaja tana fassara hoto da milimita 4 zuwa hagu. Abin da take yi shi ne gusar da shi.

4.0 Motsi Huɗu, Lambobi Goma Sha Biyu

Irin daidaitawar da wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai tana da motsi iri huɗu kacal, kuma kowane motsi yana iya aukuwa ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Huɗu sau uku, lambobi 12 ke nan. Da waɗannan lambobi 12 ake sarrafa miliyoyin ƙwayoyin hoto baki ɗaya.

Motsi na farko shi ne gusarwa, kuma ba shi da wuyar ganewa: a tura hoton gaba ɗaya ba tare da an sauya fuskar da yake kallo ba.

Na biyu shi ne juyawa. A nan Hausa ta fi Ingilishi dacewa da aikin, domin Ingilishi sai da ya aro sunayen juyin uku daga tuƙin jirgi, alhali Hausa tana da aikatau daban ga kowane juyi da kan mutum yake yi:

(1) Ya gyaɗa kai. (haɓa ta yi ƙasa ko sama)
(2) Ya girgiza kai. (hanci ya nufi dama ko hagu)
(3) Ya langaɓe kai. (kunne ya nufi kafaɗa)

Majiyyacin da aka sa wa matashi mai tudu a Yola aka kuma kwantar da shi a kan marar tudu a Kano, bambancinsa na gyaɗawa ne. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa sau da yawa kansa a langaɓe yake shiga na'ura. Sunayen gyaɗi da girgiza da langaɓa suna iya zama keɓaɓɓun kalmomi ba tare da an ƙara musu komai ba.

Gusarwa da juyawa, lambobi 6 ke nan, ba sa taɓa girman abu ko siffarsa. Tamkar a ɗauki ƙwarya ne a sake mata wurin zama. Wannan ita za a kira sandararriyar daidaitawa, kuma ita ce ta dace da hotuna biyu na mutum ɗaya baligi, irin na magidancin Damilu, tun da ƙoƙon kansa bai sake ba cikin wata uku.

Motsi na uku shi ne miƙawa, tare da kishiyarta tsukewa. Ana bukatarsa idan za a ɗora kan wani a kan na wani, domin wani kansa dogo ne, wani mai faɗi. Alal misali, a ce tsawon wata ƙwaƙwalwa daga goshi zuwa ƙeya milimita 165 ne, wadda za a ɗora ta a kai kuwa 180. Sai a ninka wannan fuska da 1.09. Idan faɗi ya bukaci 1.05, tsayi kuma 1.02, to girman ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari, wato sakamakon ninka lambobin uku da juna. Abin lura shi ne wannan motsi yana da haɗari idan aka sake masa linzami a kan hotunan mutum ɗaya. Tsohon da ƙwaƙwalwarsa take ƙanƙancewa saboda ciwon mantuwa, idan aka bar manhaja ta miƙa hoton bana har ya cika gurbin na bara, to an shafe ainihin abin da likita yake nema. Saboda haka ne manhajar SIENA ta Jami'ar Oxford take ɗaure miƙawa da girman ƙoƙon kai, wanda ba ya ƙanƙancewa.

Motsi na huɗu shi ya fi wuyar suna. A ɗauki littattafai ashirin a jera su ɗaya bisa ɗaya, sa'annan a tura na sama gefe da tafin hannu. Na ƙasa bai motsa ba, na bisansa ya ɗan matsa, na bisan wancan ya fi shi matsawa, har zuwa sama. Tarin ya tashi daga siffar akwati ya koma kamar dangar kara da iska ta kwantar. Kalmar da ta fara zuwa baki ita ce karkatarwa, sai dai ta yi kusa da langaɓa ta misali na (3), kuma ɗalibi zai riƙa rikita su: a langaɓa, tarin duka ne yake juyawa har gindinsa ya ɗaga, a wannan kuwa gindi yana nan daram. Gocewa ma ba ta yi ba, don tana ɗauke da ma'anar kuskure. Zamiya ta fi su, domin abin da yake faruwa ke nan, falle yana zamewa a kan falle. A aikace ma hakan yakan auku: idan aka karkata bakin na'urar CT lokacin ɗauka, aka kuma jera fallayen ba tare da gyara ba, kan yakan fito a zame.

Manhaja tana ajiye lambobin nan a jadawali mai layi 4 da ginshiƙi 4, wanda layinsa na ƙarshe kullum 0, 0, 0, 1 ne. Duk abin da aka yi wa hoton yana cikin wannan ɗan jadawali, kuma ana iya karanta shi a baibai a mayar da hoton inda ya fito.

5.0 Daga Surukuta zuwa Miƙaƙƙiya

Haɗakar motsin huɗu ita Turawa suke kira da wata sifa da suke furtawa afayin. Asalinta kalmar Latin ce, affinis, wadda take nufin maƙwabcin iyaka, kuma take nufin wanda aure ya haɗa ka da shi. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya shigar da ita lissafi a littafinsa na 1748, yana nufin siffofi biyu da ba su zama abu ɗaya ba amma akwai dangantaka tsakaninsu. Da za a bi asali sau da ƙafa, da sai a ce daidaitawar surukuta. Sunan yana da daɗin ji, zai kuma ba ɗalibai dariya, amma ba ya koya musu komai game da aikin.

Abin da ya kamata suna ya kama shi ne abin da daidaitawar take kiyayewa. Duk yadda aka gusar, aka juya, aka miƙa, aka zamar, layin da yake miƙe yana nan a miƙe. Layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan dogo ba za su taɓa haɗuwa ba. Ɗigon da yake tsakiyar layi kuma yana nan a tsakiya. Abin da yake iya sauyawa shi ne tsawo da kusurwa: da'ira takan koma siffar ƙwai, murabba'i ya kishingiɗa.

A nan saiwar miƙ- ta yi wa Hausa rana, domin ta haɗa ma'anoni biyu da Ingilishi ya raba wa kalmomi biyu:

(4) Ya miƙa igiya. (ya ja ta ta ƙara tsawo)
(5) Hanyar miƙaƙƙiya ce. (ba ta da kwana)

Idan aka ce miƙaƙƙiyar daidaitawa, mai sauraro ya ji cewa ana miƙa hoton, ya kuma ji cewa ba a lanƙwasa shi. Sunan ya buɗe wa kishiyarsa ƙofa, wato lanƙwasasshiyar daidaitawa, inda kowane yanki na hoton yake da nasa motsi, lambobin kuma suke tashi daga 12 zuwa dubbai ko miliyoyi. Sandararriya, miƙaƙƙiya, lanƙwasasshiya: dukansu sifofi ne masu ƙira ɗaya, kuma a wannan jerin ake gudanar da su, domin lanƙwasasshiya ba ta yin kyau sai miƙaƙƙiya ta share mata fage.

6.0 Yadda Manhaja Take Gano Lambobin

Kwamfuta ba ta san hanci ba, ba ta san ƙeya ba. Abin da take yi shi ne ta gwada wasu lambobi 12, ta motsa hoton, ta auna yadda ya dace da kafaffen, ta ɗan sauya lambobin, ta sake aunawa, haka har sau ɗaruruwa. Ke nan tana bukatar ma'aunin dacewa. Idan hotunan iri ɗaya ne, ya isa a debe hasken kowace ƙwaya daga na takwararta a ga saura. Amma a hoton CT ƙashi fari ne fat, a MRI kuwa baƙi. Ruwan da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa baƙi ne a wani nau'in MRI, fari a wani. Debewa ba ta da amfani a nan.

Mafitar ta zo a 1995 daga wurare biyu a lokaci ɗaya: Paul Viola da William Wells a Amurka, da André Collignon da Frederik Maes a Leuven ta ƙasar Beljiyam. Sun ɗauko tunanin ne daga nazarin sadarwa da Claude Shannon ya kafa a 1948, wanda manazarta harshe ba baƙinsa ba ne. Ba a tambayar ko hasken ƙwayoyin biyu ɗaya ne; ana tambayar ko sanin hasken wannan yana taimakawa wajen cankar hasken waccan. Idan hotunan sun hau juna, duk inda CT ya ce fari MRI zai ce baƙi, ba fashi, kamar yadda mai nazarin kare-karen harshe yake ganin wani sauti a Sakkwatanci kullum yana amsa wani sauti a Kananci. Idan ba su hau ba, sai dangantakar ta watse. Ana iya kiran wannan ma'auni tarayyar bayani.

Matsalar da ta rage ita ce ta ramin ƙarya. Mutumin da ya tashi daga Damilu cikin duhu yana neman Kogin Binuwai, ba shi da jagora sai gangaren da yake ji a ƙafarsa, yana iya faɗawa kududdufi, ya taka ko'ina ya ji tudu, ya ce ya iso. Haka manhaja take tsayawa a kan lambobin da suka fi na kusa da su kyau alhali kan yana kallon wata fuska dabam. Manhajar FLIRT, wadda Mark Jenkinson da Stephen Smith suka bayyana a Oxford a 2001, an gina ta ne musamman don kauce wa wannan: tana farawa da hoto mai dishi-dishi mai ƙwayar milimita 8, inda ƙananan ramuka suka shafe, ta gwada kusurwoyi da yawa, sa'annan ta sauko 4, da 2, da 1. Kafin ita akwai AIR ta Roger Woods ta 1992 da SPM ta Karl Friston a Landan. Bayanta kuma ANTs da elastix. Ana samun su a intanet, kuma masu bincike na jami'a ba sa biyan kuɗi kafin su sauke su.

Bayan an sami lambobin sai a sake zuba hoton cikin sababbin ƙwayoyi. Da yake sabuwar ƙwaya ba ta cika faɗawa daidai kan tsohuwa ba, akan ƙiyasta haskenta daga maƙwabtanta 8. Kowane zubi yana rage kaifin hoto, don haka idan matakai uku za a bi, sai a ninka jadawalan uku su zama ɗaya a yi zubi sau ɗaya.

Duk wannan yana bukatar ainihin lambobin da na'ura ta fitar, waɗanda ake ajiyewa a tsarin DICOM. Fim ɗin da majiyyaci yake ɗauka cikin babban ambulan daga asibiti zuwa asibiti, ko hoton fim ɗin da aka ɗauka da waya, ba ya daidaituwa da komai. Dangin magidancin Damilu da za su san su roƙi a zuba musu hoton a faifai kafin su kama hanyar Kano, da sun sauƙaƙa wa likitan can aiki ƙwarai.

7.0 Magwaji da Abin da Ya Shafi Manazarta Harshe

Idan ƙwaƙwalen mutane da yawa za a kwatanta, akan ɗora su duka a kan ƙwaƙwalwa guda da aka amince da ita, wadda za a kira magwaji. Taswirar Jean Talairach da Pierre Tournoux ta 1988, wadda ta daɗe tana mulkin fagen, an zana ta ne daga ƙwaƙwalwar mace ɗaya Bafaranshiya mai kimanin shekara 60. Cibiyar nazarin jijiyoyi ta Montreal a Kanada ta maye gurbinta da matsakaicin hotunan mutum 305, daga baya kuma na mutum 152, wanda ake kira MNI152. A kan magwaji kowane wuri yana da adireshi na lambobi uku, ana ƙirgawa daga wata siririyar gada da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Yankin da Paul Broca ya danganta da furta magana a 1861 yana wajen milimita 50 hagu da wannan gada.

Hotunan Kano sun riga sun bi ta wannan hanya. Gasar BraTS, wadda aka fara a 2012 domin gwada manhajojin da suke shata iyakar ƙari a hoton ƙwaƙwalwa, ta buɗe reshen Afirka a 2023 da hotunan majiyyata daga cibiyoyin Nijeriya, ciki har da cibiyar gwaje-gwaje ta NSIA da ke harabar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kowane majiyyaci yana da hoton MRI iri huɗu. An daidaita su da juna, an ɗora su a kan magwajin SRI24 wanda aka haɗa daga mutum 24 a Amurka, an mayar da ƙwayoyinsu milimita 1, an kuma cire ƙoƙon kai. Magwajin dai na waje ne. Masana a Sin sun haɗa nasu daga mutum 56 a 2010, na Indiya kuma daga mutum 100 a 2019, kuma duka biyun sun sami bambancin girma da siffa tsakanin nasu da na Montreal. Gwargwadon nisan kai daga magwaji, gwargwadon jan da za a yi masa kafin ya hau.

Wannan batu ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti, Fulfulde kuwa ba ta da shi, kuma a Jimeta akwai dubban mutane da suka tashi da su biyun. Jack Gandour na Jami'ar Purdue ya nuna cewa masu jin harshen Tailan suna sarrafa karin sautin harshensu da ɓangaren hagu, saɓanin waɗanda ba sa jin harshen. Karl Kim da Joy Hirsch da abokan aikinsu kuma sun ruwaito a 1997 cewa waɗanda suka koyi harshe na biyu da girma, harsunansu biyu suna kunna wurare mabambanta a yankin Broca, tazarar 'yan milimitoci, ko da yake masana sun ci gaba da muhawara a kan haka. Duk wanda zai yi irin wannan tambaya game da Hausa da Fulfulde, ya tara mutum ashirin ya haɗa sakamakonsu, to ta ƙofar daidaita hotuna zai shiga.

A nan ne iyakar miƙaƙƙiyar daidaitawa take bayyana. Tana daidaita girma da kwanciyar ƙwaƙwalwa, amma lanƙwashe-lanƙwashen bayanta, waɗanda suka bambanta tsakanin mutum da mutum kamar zanen yatsa, ba ta iya kai kowanne kan takwaransa. Saɓanin yakan kai santimita guda. Katrin Amunts da abokan aikinta sun nuna a 1999, daga ƙwaƙwale 10, cewa girman yankin Broca da iyakokinsa suna bambanta ƙwarai. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa. Tazarar 'yan milimitoci tana iya nutsewa cikin saɓanin santimita, mai bincike ya fito ya ce harsunan biyu wuri ɗaya suke zaune, alhali awonsa ne bai kai ba.

8.0 Daidaita da Daidaitu

A tsarin azuzuwan aikatau na F. W. Parsons na 1960, daidaita tana aji na 1, daidaitu kuma tana aji na 7, ajin da yake nuna cewa aiki ya kama abin da aka yi wa shi sosai:

(6) An daidaita hoton.
(7) Hoton ya daidaitu.

Ingilishi da kalma ɗaya yake faɗin duka biyun, shi ya sa rahoton bincike yakan wuce wurin da jimla guda. Manhaja tana iya ba da shaidar (6) kawai. Kullum sai ta fitar da lambobi 12, ko ta isa kogi ko tana cikin kududdufi, kuma ba ta nuna wata alamar kunya. Shaidar (7) ta ido ce: a zana iyakar kafaffen hoto da jan layi a kan wanda aka motsa, a bi falle-falle ta fuska uku ana duba kogunan ruwa da gadar tsakiya da gefen ƙwaƙwalwa. Ya kamata takardar rahoto ta Hausa ta ware wa jimlolin biyu gurabe dabam, na biyun da sa hannun wanda ya duba.

Hoton magidancin Damilu yana cikin waɗanda suka fi saurin yaudarar manhaja, domin tabon shanyewar jiki ba shi da takwara a magwajin masu lafiya, kuma manhaja za ta yi ta jan hoton tana neman cike gurbin. Dabarar da Matthew Brett da abokan aikinsa suka bayyana a 2001 ita ce a shata tabon da hannu a ce wa manhaja kada ta sa shi cikin awo.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne na dama da hagu. Likitocin hoto sun saba ajiye hoto kamar suna fuskantar majiyyaci, damansa a hagunsu. Masu binciken ƙwaƙwalwa da yawa kuwa suna ajiye shi kamar suna tsaye a bayansa. Tsohon tsarin ajiya na Analyze ba ya riƙe bayanin fuska yadda za a dogara da shi, abin da ya sa aka fito da tsarin NIfTI wanda yake ɗauke da jadawalin nan mai layi 4 a cikin kowane hoto. Idan alamar debewa ta shiga lambar miƙawa ta dama da hagu, wato 1 ta koma -1, hoton yakan juye kamar a madubi, kuma da yake ɓangarorin biyu sun yi kama, zai hau magwaji lafiya lau, jan layi ma ba zai tona shi ba. Mutumin da damansa ya shanye maganarsa ta sarƙe, a hagu ake sa ran tabonsa. Hoton da ya juye zai nuna shi a dama, manazarcin harshe kuma ya ɗauka ya gano Bahaushen da yake magana da ɓangaren dama. Saboda haka ne wasu cibiyoyin bincike suke manna ƙwayar maganin bitamin E a gefe ɗaya na kan mutum kafin ya shiga na'urar MRI. Man da ke cikinta yana fitowa fari tas a hoton, kuma duk inda aka kai hoton, ɗigon yana gefen da aka manna shi.